Lemar Jirgi da Ɗaurin Auren Hajara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar ɗaurin auren Hajara. Ko na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Ni ba mai yawan magana ba ne. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Noma na sani, sai daji. Ƙauyenmu yana ƙasar Kazage, a bakin dajin Birnin Gwari, kuma duk wanda ya san yankin ya san abin da muka gani a shekarun nan. Ni an taɓa ɗauke ni daga gona. Na yi zaman daji a ɗaure, har ranar da jirgin sama ya zo ya saki wuta kusa da inda aka tsare mu. A cikin ruɗanin na tsere. Na dawo gida da raina, amma kunnena na hagu ya mutu tun ranar. (Idan ka yi mini magana ta wannan gefen ban amsa ba, ba girman kai ba ne.)

Tun da na dawo, mutane suka ɗauke ni wani abu. Wai na ga mutuwa ban ƙifta ido ba. Ni ban taɓa faɗa musu haka ba. Amma ban ƙaryata ba. Sai aka ce ni zan tsara yadda za a riƙa gudu idan abu ya taso. Na tsara: mata da yara su bi rafi, maza su hau dutsen bayan gari, kada kowa ya shiga fili. Na yi ta maimaitawa har tsofaffi suka haddace. Musamman maganar filin nan. Nakan ce, “Wanda ya shiga fili ya miƙa kansa.” Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hajara 'yar yayana Sale ce. An kashe shi a ƙofar gidansa, a wani hari da aka kawo mana, ni na riƙe ta. Ta koyi ɗinki a Birnin Gwari, a can suka haɗu da Nura, mai gyaran waya. Suna son juna, ba wanda ya ja. Abu ɗaya kawai ta roƙe ni.

Ta ce, “Baffa, a ƙofar gidan Baba nake so a ɗaura. Rabon da a taru a wurin nan tun ranar da aka ɗauki gawarsa. Ina so a taru don farin ciki ko sau ɗaya ne.”

Na ce, “To.”

Faɗin “to” ba wuya. Wuyar tana wajen Alhaji Nuhu, baffan ango, dillalin hatsi a kasuwar Birnin Gwari. Da na je masa da maganar, sai ya dube ni kamar na ce ya ba ni aron wuyansa.

“In kwashi mutane in shigo da su ƙauyenku? Kai ne ke riƙe da dajin?”

“A'a. Amma abubuwa sun lafa. Kuma ina nan.”

“Kana nan.” Ya juya carbi. “To, na ji labarinka, an ce ba ka da tsoro. Za mu zo. Amma ka ji da kyau: in muka ji ko da ƙarar fashewar taya ce, mun tafi. Sai ku biyo mu gari a ɗaura a can.”

Na bugi ƙirji na ce ba abin da zai faru. (Ƙirjin nan ya sha bugu a banza.)

Ranar ta zo, da kaka, an gama cire gyaɗa. Maƙwabcina Bulus, mutumin Gbagyi, wanda muka tashi tare muna tsokanar juna, ya kwaso bencinan cocinsu ya jera mana a ƙofar gida. Matata Asabe ta samo mini aron babbar riga, ta zuba mata sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Ni da ban saba ba, na shiga ciki kamar an sa ni a buhu. Baƙi suka iso da hantsi. Aka zube goro da alewa a faranti. Liman, Malam Idi, ya yi huɗuba. Alhaji Nuhu ya nemi aure a madadin ɗansu. Saura ni, waliyyi, in ce na bayar.

A lokacin na ji ƙarar. Da kunne ɗaya nake ji, amma ƙarar jirgi ko a barci na san ta. Wannan siririya ce, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Na saci kallon sama. Wani ɗan ƙaramin farin jirgi ne, yana tahowa ta kan daji. Mutane suka ɗaga kai, sannan suka dube ni. Na haɗe fuska, wato ba komai.

Sai ƙarar ta yi tari. Ta sake tari. Ta ɗauke ɗif.

Shirun nan ya fi ƙarar tayar mini da hankali. Malam Idi bai lura ba, idonsa yana kaina. Ya ce, “Waliyyi, ka ba Nura auren Hajara?”

Na buɗe baki. Sai muka ji “fau!” a sama. Wani abu ya fita daga bayan jirgin da gudu, yana jan hayaƙi da doguwar igiya. Kafin ka ce me, ya kumbura ya zama wata ƙatuwar lema, fari da ruwan goro, ta fi rumfar kasuwa faɗi. Jirgin ya yi lilo a ƙarƙashinta, hancinsa ya dubi ƙasa. Ya dube mu.

Ni a duniya abu ɗaya na san yana fitowa daga jirgi. Bakina da na buɗe don in ce “na bayar”, abin da ya fito shi ne:

“Bam! A watse!”

Illar mutum marar magana ke nan. Ranar da ya yi, kowa sai ya yarda. Faranti ya kife, goro ya bi ƙasa, takalma suka rasa masu su. Kuma wallahi tsarina ya yi aiki. Mata suka fito daga cikin gida da amarya suka bi rafi. Maza suka nufi dutse, har baƙin da ba su san tsarin ba suka bi sahu. Direban Alhaji Nuhu ya ja mota ya yi hanyar gari, bai tsaya neman mai motar ba. Duk taron nan mutum ɗaya ne ya karya doka ya shiga fili.

Ni ne.

Kada ku tambaye ni dalili. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na tsinci kaina a tsakiyar gonar gyaɗar Bulus, fili fetal, ko kututture babu. Iska tana bayana, ta cika babbar rigar ta kumbura, tana tura ni gaba. Na ji gudun yana sauƙi, na ƙara mai. Na waiga sama. Abin yana bayana. Na ƙara wuta. Na sake waigawa. Yana nan, ya ƙara girma, yana saukowa a hankali kamar wanda ya san ba inda zan je.

Nan na gama yarda cewa ni ake nema. Na ce wanda ya kuskure ni a daji wancan karon ne ya gane ni, ya dawo ya ƙarasa aikinsa. (Yadda zai gane ni daga sama, cikin rigar aro, ban tsaya tunani ba.)

Daga baya aka gaya mini duk mazan da ke kan dutse suna ta ihu: “Ka ratse! Ka yi gefe!” Dutsen yana hagu da ni. Kun san labarin kunnen hagu.

Inuwa ta rufe ni. Na faɗa tsakanin kunyoyi rub da ciki, na yi kalmar shahada. Na ji “dim!”, ƙasa ta girgiza kamar an sare babbar ɗorawa. Na jira wuta. Ba wuta. Sai wani abu mai laushi ya sauko a hankali, ya lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Na buɗe ido. Fari fat. Ko'ina shiru.

To, ku yi mini adalci. Ba na jin ciwo ko kaɗan. Ga farin ƙyalle a jikina. Ga ƙasa ta dama, ga ƙasa ta hagu, wuri matsattse. Me za ku ce? Ni dai na ce shi ke nan, an gama, har an binne. Na ma lura an kwantar da ni rub da ciki, na ce masu binnewar sun yi gaggawa saboda tsoro, ban ga laifinsu ba. Na gyara kwanciyata da kaina, na koma gefen dama, na miƙe ƙafafu. Likkafanin yana da santsi, yana warin ashana maimakon turare. Na ce ko na birni ne Alhaji ya sayo.

Abin da ya dame ni a kwancen nan ba mutuwar ba ce. Kalma biyu aka ce in faɗa, na mutu ban faɗa ba. Baƙi sun watse, ba za su dawo ba. Abu ɗaya yarinyar nan ta roƙe ni. Yanzu in na haɗu da Sale me zan ce masa?

Ina cikin haka na ji takun ƙafa ta cikin ƙasa. Malamai sun ce mamaci yana jin takun waɗanda suka kai shi idan suna komawa. Na ce to, ga shi. Sai dai takun nan ba tafiya yake ba, matsowa yake, kuma yana ƙaruwa. Na ce wataƙila ban fahimci karatun daidai ba.

Sai murya, tana rawa:

“Bawan Allah? Bawan Allah, kana ji na?”

Abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko, da Hausa ake yi. Na biyu, muryar mace ce. Ba malamin da ya taɓa gaya mana haka. Amma na ce ni wane ne da zan tsara yadda za a yi? Karatuna ba yawa, kuma na san halina in na rikice. Na ce gara in ba da amsa tun tana kaina, kada in tsaya jiran a jero tambayoyi. Na gyara murya, na ɗaga ta sosai:

“Allah ne Ubangijina!”

Muryar ta ƙara matsowa:

“Baba, ka ji ciwo? Za ka iya motsi?”

“Musulunci ne addinina!”

Na ji wani ya yi wani irin sauti, kamar akuya ta shaƙe. Ban kula ba. Na kawo ta uku, har da salati, na ƙara da cewa Alƙur'ani ne littafina, ko da za a buƙata.

Sai aka yaye ƙyallen.

Rana ta dalle mini ido. Da na iya gani, sai ga fuskoki sun kewaye ni. Mutanen garinmu. Baƙin Birnin Gwari. Surukai. A durƙushe kusa da kaina wata mata ce matashiya, da farar riga da wando, leɓenta ya fashe, hawaye a fuskarta. Ita ce matuƙiyar jirgin. Ta ga siffar mutum a miƙe ƙarƙashin lema ba motsi, ta ɗauka ta kashe ni.

Ta ce, “Alhamdu lillahi! Yana da rai!”

Malam Idi ya leƙo, rawaninsa a warware, yana cije leɓe. Ya ce, “Amsa ta yi daidai, ba gyara. Sai dai lokacinka bai yi ba. Tashi ka ba mu 'yar mutane.”

Nan aka fashe. Bulus ya faɗi ƙasa yana birgima a gonarsa, yana dukan kunya da hannu. Alhaji Nuhu, ba hula, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya riƙe ciki yana cewa, “Wayyo, ku riƙe ni!” Ni kuwa ina kwance a gefen dama, hannaye a miƙe. Na yi zaman daji a ɗaure, ban taɓa roƙon ƙasa ta haɗiye ni ba sai ranar. Ga shi kuma ta riga ta ƙi.

Na tashi zaune. Can gefe ga jirgin, ya zauna da cikinsa a kan kunyoyi, ƙafafunsa sun karye, amma ko hayaƙi babu. Wani mutum da suke tare, mai ɗaukar hoton gonaki daga sama, yana zaune a ƙasa yana dafe da ƙugu. Su biyu ne a ciki, kuma su biyun suna numfashi.

Matuƙiyar ba ta tsaya dariya ba. Ta ce maza su tattara lemar su danne ta da duwatsu, don in iska ta sake cika ta za ta iya jan jirgin. Ta ce kada wanda ya kunna taba, akwai mai. Asabe da ƙawayenta sun iso daga rafi, har sun fara shafa ƙyallen suna cewa zai yi labule. Ta ce a'a, masu bincike za su zo, ko zare kada a cire.

Da aka natsu ta yi mana bayani. 'Yar Zariya ce, Hausarta tas. Ta ce injin ne ya mutu. Ta duba ƙasa, ba komai sai itatuwa da duwatsu. Fili ɗaya ta gani, gonar nan, ga kunyoyi da za su kifar da jirgi in ya sauka da gudu, ga kuma taron mutane a bakinta. Sai ta ja wani jan hannu da ke saman kanta. Ta ce wasu ƙananan jirage da lemarsu ake ƙera su, tana naɗe a baya, ɗan ƙaramin roka ne ke fizgo ta waje. Ƙarar da na kira bam ke nan. Ba mutum ke fita da ita ba, jirgin gaba ɗaya take saukewa.

Alhaji Nuhu ya ce, “Kullum tana aiki?”

Ta ce, “Ba kullum ba, Alhaji. Tana son tsawo. In an makara, jirgi ya yi ƙasa da yawa, ba ta samun lokacin buɗewa. Kuma saukar ba taushi, kamar ka diro daga kan soro ne. Jirgin ya tashi daga aiki, mu mun rayu. Don haka aka yi ta.”

Ni tambaya ɗaya ce da ni. Na ce, “Me ya sa kika bi ni?”

Ta dube ni. Ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta.

“Baba, ban bi ka ba. Da zarar lema ta buɗe ba ni da sauran iko, iska ce ke tuƙi. Ina ganinka ta taga ina addu'a ka kauce. Mu da kai iska ɗaya muka bi. Da ka tsaya inda kake, da ko ƙura ba ta taɓa ka ba.”

Bulus ya ce, “Ai shi ne malaminmu na gudu.”

Hankalina yana hanya, don ga motar Alhaji ta dawo, direban yana tafe a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Baƙi suka fara kallon motar. Can bayan mata na hango Hajara, lalle a hannu, mayafinta duk ƙaiƙayi. Ba ta dariya. Ni take kallo.

Na kakkaɓe rigar aro, na je gaban Alhaji Nuhu. Na ce, “Alhaji, ka ji ƙara. Ban musa ba. Amma ba daga daji ta zo ba. Gudun kuma ni na jawo. Kada a hukunta yarinya da laifina.”

Ya share hawayen dariya da hannun riga. Ya dubi motar, ya dubi jirgin, ya dube ni tun daga sama har ƙasa.

Ya ce, “Ni taya na ce. Ban ce jirgi ba.” Ya juya wajen mutanensa. “Kuma mutumin da aka yi wa tambayar kabari da rana tsaka ya ci, wa zai ƙi haɗa zuri'a da shi? Liman, mu koma. Wani ya nemo mini takalmina.”

Numfashin da na sauke a wurin, ban sauke irinsa ba ko ranar da na fito daga daji.

Muka koma ƙofar gidan Sale. Aka tsince goro daga ƙasa aka wanke. Aka tayar da bencina. Na zauna, ƙasa har cikin gemu. Malam Idi ya ɗaga kai ya duba sama da kyau, gabas da yamma, sannan ya ce, “Waliyyi, ka ba Nura auren Hajara?”

Na ce, “Na bayar.”

Daga baya can Bulus ya ɗaga murya: “Jama'a a shaida, marigayi ya bayar!”

Da ƙyar aka iya shafa fatiha.

Matuƙiyar da abokin tafiyarta sun ci shinkafar biki kafin jami'an tsaro su iso daga Birnin Gwari su tafi da su asibiti. Asabe ta kawo mini ruwa, ta ce, “Malam, har na fara shirin takaba, ka ɓata mini tsari.” Da la'asar, kafin a tafi da amarya, aka kawo mini ita sallama. Na shirya ba ta haƙuri. Ta riga ni.

Ta ce, “Baffa, yau an yi dariya a ƙofar gidan Baba. Har ni na yi.”

Na sa mata albarka, aka tafi da ita.

Har yau ni ke tsara gudu a garinmu, don ba wanda ya yarda ya karɓa. Mata rafi, maza dutse, kada a shiga fili. Na dai ƙara abu biyu. Kafin ka yi ihu, ka sake duba sama, don ba duk abin da ya fito daga jirgi ne ya zo kashe ka ba, wani mutane ne ke neman tsira kamar kai. Kafin ka zura da gudu kuma, ka duba inda iska ta nufa.

Sunan dai ya zauna. Ko jiya a kasuwa Bulus ya hango ni ya ce, “Marigayi, ya kwanan kabari?” Na juya masa kunnen hagu.